Yadda Na Ɗauko Yaya Sale Daga Cikin Kacala

Tun da na dawo, ba ni da sakat. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a rumfar mai shayi a tambaye ni, ranar kasuwar Ɗanbatta ma sai da wani ya riƙe min hannun riga yana cewa, "Malam Isuhu, wai da gaske wuta ta biyo ku a kan ruwa?" Labarin har ya fara dawo min da ƙari, don jiya na ji an ce kada ne ya kife mana jirgi. Babu wani kada. Bari in faɗa daga farko yadda abin ya faru, kowa ya huta.

Yayana Sale ya bar ƙauyenmu tun ina saurayi. Kun san yadda gona take a nan, in ka ɗaga fartanya da ƙarfi sai ka sari ta maƙwabci. Gadon Baba ya yi mana kaɗan, sai ya tafi cin rani fadamun gabas da Haɗeja. Wurin ya karɓe shi, ya yi aure, ya zauna a wani ƙauye cikin ruwa da ake kira Tudun Goruba. Duk shekara sai ya aiko da kwandon bandar kifi da buhun shinkafa da tabarmin kaba, har maƙwabta su samu. Daga baya kwandon ya riƙa ƙanƙancewa, har ya daina zuwa. Ba mu tambaya ba, don kunya.

Farkon bazarar nan matarsa Falmata ta bugo waya. Ta ce lauje ya sare shi a ƙafa wajen aikin gayya, wata guda ke nan, ƙafar ta kumbura, ba ya takawa. Inna ta karɓi wayar ta saurara, sannan ta miƙo min.

"Isuhu, je ka ɗauko min ɗan'uwanka. In ma mutuwa ce, ta same shi inda zan ga fuskarsa."

Na ce to. Amma ku sani, ni ban iya iyo ba. Ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gari, shi ma iya gwiwa.

Bayan sallar asuba na hau mota zuwa Kano, daga can na shiga ta Haɗeja. Mu huɗu aka matse a baya. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin banda, ta ɗora kwalayen da ba komai a ciki a kan cinyarta, rabinsu kuma a kan tawa. Da ta ji inda za ni, sai ta dube ni daga hula har takalmi.

"Da wannan farar rigar za ka shiga ruwa?"

Na ce ai jirgi zan hau.

"Jirgin ma kai za ka tura shi, Malam. Da can, in na je, masunta ke rububina, in zaɓi tarwaɗa in bar karfasa. Yanzu in kwana uku a bakin ruwa ban cika kwalayen nan ba. Kacala ta cinye ko'ina."

Ranar na fara jin sunan. Na ɗauka sunan wani mai kuɗi ne da ya saye wurin, har na tambaye ta ɗan wane gari ne. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ciyawa ce, in na gan ta zan gane.

Daga Haɗeja na sake mota ta hanyar Nguru. Wajen iyakar jiha akwai shingen jami'an tsaro, aka ce kowa ya fito da katinsa. Tun a gida an cika min kunne da labaran gabas, don haka ban tsaya dubawa ba na zaro kati na miƙa. Jami'in ya duba katin, ya dube ni, ya sake dubawa.

"Malam, kai ne Hauwa'u?"

Ashe cikin sauri katin mai ɗakina na ɗauko. Na hau rantsuwa ina bayani. Allah Ya sa nawa yana cikin aljihun ciki, a naɗe da takardar asibitin Inna. Ya mayar min da duka biyun, ya ce in gaida Hauwa'u.

Na sauka a wata mararraba, ɗan acaɓa ya kai ni bakin ruwa da la'asar sakaliya. Aka ce ba jirgin da zai shiga sai da safe. Aka haɗa ni da wani dattijo, Baba Modu, shi ne mai kai mutane Tudun Goruba. Siriri ne, baƙi, hannayensa duk tabo. A gidansa na kwana.

Abin da na fara lura da shi, mu a nan baƙo ruwa ake fara ba shi. Su gidan sauro suke fara miƙa maka, kafin ma ka zauna, kuma ban daɗe ba na gane dalili. Gaisuwarsu ma daban: mu mu ce ya gona, su su ce ya ruwa. A bayan gidan akwai jerin murahun banda na ƙasa, na ƙirga har na gaji, biyu kaɗai ke hayaƙi. Sauran awaki ne ke kwana a ciki. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, da ɗan kifi guda kamar yatsa a tsakiya. Baba Modu ya turo min shi.

"Ka yi haƙuri, Bakano. Gidan nan a da, baƙo sai ya ce a rage masa kifi."

Da gari ya waye muka shiga kwale-kwale. Ya ce in zauna a tsakiya, kada in riƙe gefe, kada in miƙe ko me na gani. Ba mu yi nisa ba na ga kacala. Ganye ne dogaye kamar takubba, tsayinsu ya ninka mutum, a cunkushe dama da hagu. Hanyar da aka sare a tsakiya ba ta fi lungun cikin gari faɗi ba. In ka shiga ba ka ganin komai sai ɗan siririn sama. Ba iska. Ƙasan ganyen kore ne, saman kuwa duk ya bushe ƙayau.

Baba Modu yana tura jirgi da doguwar sanda yana nuni da haɓa. "Nan gonar shinkafar ubana ce. Can wajen mashayar Fulani ce." Ni dai duk inda ya nuna ganye nake gani.

Na tambaye shi yadda aka yi. Sai ya ce:

"Da, ruwan nan baƙo ne mai mutunci. Ya zo da damina ya malale ko'ina, mu shuka shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. In ya janye sai ya bar mana laka, mu zuba wake da kuɓewa, ba ban ruwa, ba taki. Mu girbe, Fulani su shigo da shanu su ci ciyawar burgu, su ba mu nono, su bar mana kashin shanu. Mata su yanki kaba. Rijiyar tudu ma daga nan take sha. To, da aka tare kogin can wajenku, sai ruwa ya daina zuwa da tafiya. Wani wuri ya ƙafe gaba ɗaya. Wani wuri, kamar nan, ya zo ya kwanta rani da damina. Kacala kuwa abin da take so ke nan. Ta fito ta toshe hanyar ruwan, laka ta taru, ta ƙara fitowa."

Na kawar da kai, don ni kaina duk rani da ruwan dam nake noman tumatir. Ya gane.

"Ba faɗa nake da kai ba. Ku ma abinci kuke nema. Na faɗa maka ne don ka tambaya."

Maganar Hajiya ta tabbata. Sau uku jirgin na kafewa a laka, mu sauka mu tura. A na biyu laka ta riƙe min takalmi ɗaya, har yau yana can. A na uku na fito da matsattsaku biyu a ƙwauri, na ƙwala ihu kamar mace ta ga ɓera. Baba Modu ya zuba musu garin taba suka faɗi. Can kuma wani duhu ya wuce ta kanmu da ƙara, na sunkuya ina salati. Ya ce jan baki ne, tsuntsaye, a cikin kacala suke kwana, in suka sauka a gonar gero ko shinkafa mai ita sai dai ya dawo da kara.

Wajen azahar muka isa. Tudun Goruba gari ne babba a da, ka gani daga yawan kangaye. Gidaje bakwai ne suka rage da mutane. Falmata ce ta tarye mu, a nata jirgin, ita kaɗai take tuƙawa da zani ɗaure a ƙugu. Na tuna matan garinmu da ko rijiya ba a bari su leƙa sosai.

Da na shiga ɗakin, wari ne ya fara tarye ni. Yaya yana kwance a tabarma, ya rame, ƙafar ta zama kamar turmi, yatsun sun yi baƙi. Ya daɗe yana kallona.

"Isuhu? Har ka yi furfura?"

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce wajen sare kacala ne, su tara suna buɗe hanyar da ruwa zai wuce, lauje ya zame. Na ce me ya sa bai faɗa mana halin da ake ciki ba tun tuni.

"In ce me? Na bar gida na ce na samu inda ƙasa ba ta ƙarewa. In dawo hannu rabbana?"

Sai ya riƙe hannuna ya rage murya. Ya ce ba mutuwar yake tsoro ba. Maƙabartarsu tana wani tudu can ƙetare, don nan in ka haƙa kamu biyu ruwa ne. A jirgi ake kai gawa. Bara da wani tsoho ya rasu, sai da suka yini biyu suna sarar hanya kafin su kai shi. Yanzu mazan da suka rage ba su kai su yi wannan aikin ba.

"Ka fitar da ni, Isuhu."

Falmata ta kawo mana kunun 'ya'yan bado. Ban taɓa sha ba, yana da ɗanɗanon ƙasa, amma yana riƙe ciki. Ta ce a da abin marmari ne, yanzu shi ne abincin. Ita ba za ta biyo mu ba. Mahaifiyarta tsohuwa ce makauniya, jirgin Baba Modu kuma ba zai ɗauki mai kwance da mutum huɗu ba, nata kuwa na mutum ɗaya ne. Muka yi da ita zan dawo in ɗauke su kafin ruwan sama, don in damina ta sauka ruwa ba shi da hanyar wucewa, cikin gidaje yake shiga.

Washegari da hantsi muka shimfiɗa Yaya a cikin jirgi, aka lulluɓe shi da bargo. Mun yi kamar rabin hanya, rana ta take, sai na ji Baba Modu ya daina tura sanda. Ya ɗaga hanci.

"Wani ya sa wuta."

Na ce wuta a ruwa? Ya ce masu neman buɗe gona kan cinna wa busasshen saman, ko masu korar tsuntsu. In iska na gefe guda ba komai. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama. Fuskarsa ta sauya.

Tsuntsaye suka fara wucewa ta kanmu, ba jan baki kaɗai ba, har da balbela da wasu da ban sani ba, duk gefe ɗaya suka nufa. Toka ta fara sauka a farar rigata. Sai ƙarar ta iso, kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Siririn saman nan ya koma ja. Gabanmu wutar take, kan hanyar da za mu bi. Tsayin jirgin kuwa ya fi faɗin hanyar, ba ya juyuwa, in ma da baya za a koma, wuta ta fi sanda sauri.

Na ji ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina haɗa wannan sura da waccan.

Baba Modu ya jefo min lauje. "Bakano, karatu da aiki tare. Akwai gurbi a hannun dama, tsohon ramin kifi. Yana da zurfi, kacala ba ta fitowa a ciki. Taku ashirin ne. Sauka!"

"Ban iya ruwa ba, Baba!"

"Nan iya ƙirji ne. Sauka!"

Na sauka. Muka hau saran bangon ganyen nan, shi a gaba ni a baya, mu sara mu ja jirgi, mu sara mu ja. Ganyen yana yanka hannu kamar reza, ban ji ba sai daga baya. Hayaƙi ya cika ido, ba na ganin inda lauje ke sauka. Zuciyata na cewa, idan tsohon nan ya manta wurin fa? Wa ya ga rami a cikin wannan duhu? Taku ashirin suka wuce ba mu ga komai ba.

Yaya ya ɗago kai daga cikin jirgi. "Ku bar jirgin. Isuhu, ka bi Baba ku tsira, ni dama tawa ta ƙare."

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba tun da aka haife ni. Ranar na daka masa tsawa. "Yi min shiru, Yaya! Me zan je in ce wa Inna?"

Zafi ya fara cin bayan wuyana. Wani ganye mai wuta ya faɗo kan bargon, Baba Modu ya kaɗe shi da hannu. Na sake kai sara, sai na ji ƙasa ta ɓace a ƙarƙashina. Na nutse har kai, na sha ruwa, na ga shi ke nan. Hannu ya damƙo wuyan rigata ya ɗago ni ya manna ni a gefen jirgi. Mun iso gurbin.

Wurin bai fi filin masallacinmu na unguwa ba. Baba Modu ya ja jirgin tsakiya, ya tsoma bargon a ruwa ya rufe Yaya da shi har kai. Ya ce in riƙe gefen jirgi, in nutsar da jikina, hanci kaɗai a waje. Ƙafata ba ta taɓa komai. Ba mu kaɗai ba ne a ciki. Ga guza can ya ɗago kai, ga macizai biyu sun wuce ta gaban fuskata, kusa har ina ganin harshensu. Ba wanda ya kula wani.

Wutar ta zo ta zagaye mu. Ba zan iya kwatanta muku ƙarar ba. Ruwan saman ya yi ɗumi. In na ɗago in shaƙi iska sai in ji kamar na haɗiyi garwashi. Baba Modu yana ta kwarfar ruwa da hannu yana watsa wa bargon, don tururi yake yi. Ina kiran Yaya ba ya amsawa. Ban san tsawon lokacin ba. Ni a wurina yini ne, Baba Modu ya ce bai kai a dafa shayi ba.

Da ƙarar ta yi nisa na yaye bargon. Idonsa a rufe. Na girgiza shi. Sai ya yi tari, ya ce, "Ka tsawata min ɗazu, ko?" Na kifa kai a gefen jirgin na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da hayaƙi ya lafa sai muka ga fili, baƙi ƙirin, har iya ganin ido. Yaya ya ce in tallafe shi ya zauna. Tsakanin kututturen da suka ƙone ana ganin tsofaffin kunyoyi a jere a ƙarƙashin ruwa. Ya nuna wani wuri kusa da wata goruba guda, ya ce gonarsa ce, rabon da ya gan ta shekara shida. Na ce to ai yanzu ta buɗe. Baba Modu ya girgiza kai, ya ce wuta ba ta kai wa saiwa, nan da mako biyu sai ta fi da ƙarfi.

Sai a bakin ruwa na ga hannun Baba Modu na dama ya saluɓe daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na roƙe shi ya biyo mu asibiti. Ya ce in ya tafi wa zai kai wa gidaje bakwai gishiri da ashana? Ya shafa man kaɗanya ya ɗaure da tsumma. Da ƙafa ɗaya ba takalmi na shiga motar Haɗeja, ba wanda ya yi min dariya da suka ga wanda nake riƙe da shi.

A asibiti aka yanke wa Yaya yatsu uku, ƙafar ta tsira. Likita ya ce da mun ƙara kwanaki da sai dai daga gwiwa. Ranar da muka shigo gida Inna ce ta tarye mu. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Yanzu yana zaure, yana koyon tafiya da sanda. Ni kuwa ko mai ɗakina ta hura murhu da kara, ƙarar ta kan sa in miƙe tsaye. Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas, bai zubo ba. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Da yamma Falmata ta bugo, ta ce gida biyu sun tashi, saura biyar, hanyar da muka bi kuma ta rufe, Baba Modu yana sarar wata da hannu ɗaya.

Yaya bai roƙe ni ba. Ya dai ce, "Isuhu, tsohuwar nan ba ta gani. In ruwa ya shigo ɗaki ba za ta san ta ina ƙofa take ba."

Jiya na je kasuwa na sayi takalmin roba mai ɗauri, da lauje sabo, na kai maƙera aka wasa shi. Jibi in Allah Ya kai mu zan kama hanya. Na kasa cin tuwo tun da na sa ranar. Ku da kuke ta tambaya, ku sa mu a addu'a.